Sabon injin suyar gahawa yana ƙara wajen moto: in kwance ko in mayar?

Mai shayi, Aboabo:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masu sani. Injin suyar gahawa ne na gida, irin mai ganga a kwance, na lantarki, yana ɗaukar giram 500. Shekaranjiya ya iso Kumasi a kwalinsa. Da na kunna shi babu komai a ciki sai na ji ƙara iri biyu: akwai gurnani ƙasa-ƙasa daga baya, inda moto yake, wanda ba ya yankewa, sannan akwai wani "ƙyas, ƙyas" kamar ana goga wuƙa a bakin tukunya. Idan ya yi minti bakwai ko takwas yana ɗaukar zafi, gogar tana ƙaruwa. Gangar ba ta taɓa tsayawa ba, kuma babu warin ƙonewar waya. A bayansa an rubuta 220-240V, 50/60Hz, 1600W. Har yanzu ban zuba gahawa ba. Moton ne ya zo da lahani?

Bakanike, Suame Magazine:

Wa alaikumus salam Malam. Kada ka ɗauki sukudireba tukuna. Ƙara biyu ka faɗa, kuma da wuya tushensu ya zama ɗaya. Ƙarfe yana ɗaukar sauti ya kai shi nesa, shi ya sa abin da ke goga a gaba ake jin sa kamar daga moto yake.

Fara da ƙirga. Ka sami alli ka yi alama a bakin sandar da gangar ke kai, ka kunna juyi kawai ba tare da zafi ba, ka riƙe agogo minti ɗaya. Ƙirga sau nawa alamar ta zagayo, sannan ƙirga sau nawa ka ji "ƙyas". Ƙananan injuna irin wannan gangarsu ba ta cika wuce zagaye 50 zuwa 70 a minti ba, alhali moton da ke bayan giya, wato haƙoran ƙarfen da ke rage gudun juyi kafin ya kai ganga, yana yin sama da dubu. Idan lissafin biyu ya zo daidai, wato ƙara ɗaya a kowane zagaye, to moto ba shi da laifi, ganga ce ke taɓa wani abu. Lahanin moto ko na ƙananan haƙoran giya sauri gare shi, kunne ba ya iya ƙirga shi, sai dai a ji shi kamar kukan sauro ko niƙa.

Bayan nan ka zare fulogi daga bango, ka fitar da tiren ɓawo da murfin gilashi da cokalin ɗiba, ka leƙa da tocila. Masu haɗa kaya sukan cusa kwali, soso ko igiyar roba don kada gangar ta yi wasa a hanya, kuma ana mantawa da guntu a ciki. Duba kuma ko wani noti ya faɗo yana yawo a ƙarƙashin ganga. Idan littafin injin ya nuna yadda ake zare gangar don wankewa, zare ta ka kunna moton shi kaɗai. Duk ƙarar da ta ɓace, ba ta moto ba ce.

Gurnanin kuwa, ka ɗora tsinin dogon sukudireba a jikin gidan giya, ka kai ƙotar kunnenka. Ka yi haka a jikin boris na gaba, wato zoben da sandar ganga ke juyawa a cikinsa, da gidan fanka. Inda sautin ya fi ƙarfi nan ne gidansa. Ka kula da hannun riga da waya tsirara. Sabuwar giya takan yi ɗan gurnani har sai haƙoranta sun zauna da juna bayan 'yan awoyi na aiki. Idan sautin bai sauyawa, kuma za ka iya ɗora hannu a jikin moton bayan minti goma ba tare da ka janye da sauri ba, bar shi. Wanda ake tsoro shi ne niƙa kamar an zuba yashi, ko gangar ta riƙa fizga.

Abu ɗaya: kada ka buɗe gidan giya ko moton kansa. Da zarar an ga alamar sukudireba a kan waɗannan kusoshin, mai sayarwa ya sami hujjar ƙin karɓa. Ɗauki bidiyo da sauti yau, ka ɗauki hoton kwalin ta kowane gefe, musamman in akwai kusurwar da ta lotsa, ka tura masa kafin ka taɓa komai.

Mai gyaran fanka, Nima:

Masta ya gama magana a kan ƙarfe, ni zan ƙara ta ɓangaren wuta. Takardar injinka ta dace da wutar Gana, 230V da 50Hz, saboda haka ba ka buƙatar taransifoma. Amma abin da aka rubuta daban, abin da ke isowa soket daban. Sa mita a soket ɗin ka auna sau biyu, injin a kashe, sannan lokacin da yake kan cikakken zafi. 1600W yana jan kusan amp 7. Idan ka ga wuta ta faɗi da fiye da 10V da zarar zafi ya kama, wayar ce siririya ko soket ya saki. Waɗannan dogayen wayoyin jona na kasuwa masu baki huɗu ba na irin wannan aikin ba ne, kai shi bango kai tsaye. Ƙarancin wuta yana sa moto gurnani da ɗumi saboda ƙarfin juyinsa ya ragu, kuma yana cin zafin suya sosai: a 200V maimakon 230V, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin zafin ya tafi. Gwada da rana, ka sake gwadawa bayan magariba lokacin da unguwa ta kunna kaya.

Ga masu karatu da 'yan'uwa ke aiko musu da inji daga Amurka, nasu lissafin daban ne. Can 120V ne da 60Hz. Taransifoma tana sauke ƙarfin wuta ne kawai, ba ta taɓa 50Hz ɗin. Moton da aka yi don 60Hz kaɗai zai yi juyi biyar inda ya kamata ya yi shida, ganga mai zagaye 60 ta koma 50, ga ƙarin gurnani da zafi. Wanda motonsa na DC ne, 12V ko 24V, wannan bai dame shi ba. Taransifomar kuma ta fi ƙarfin injin da tazara, injin 1500W a ba shi ta 3000W.

Idan wata rana ka kunna ya yi "hmmm" bai tashi ba, amma da ka taimaka masa da hannu ya ci gaba, kafasita ce, daidai da ciwon fankar sama. Ana sauya ta da mai lamba ɗaya da wadda aka rubuta a jikinta.

Mai shayi, Aboabo:

Allah ya saka da alheri. Na gwada. Zagaye 56 a minti, ƙyas 56, kuma kullum alamar allin tana sama lokacin da ƙarar ke fita. Da na zare gangar sai ɗan gurnanin kawai ya rage. Wuta 226V, da zafi ya kama ta koma 220V. A cikin farantin gaba akwai wani ɗan wuri ta ƙasa da ya yi sheƙi, kamar faɗin yatsa biyu. Na tura wa mai sayarwa bidiyon, ya ce zan iya daidaita gangar da kaina, ba zai ɓata garanti ba.

Bakanike, Suame Magazine:

Madalla, adana wannan saƙon nasa. Wutarka lafiya lau, moton ma haka. Wannan sheƙin shi ne amsar.

Tsakanin bakin ganga da farantin gaba akwai ɗan rata da ake bari da gangan, don ƙarfe yana miƙewa da zafi. Ganga ta ƙarfen da ba ya tsatsa mai tsawon santimita 25, idan ta ƙara zafi da digiri 200, tana ƙara tsawo da kusan milimita 0.8. Ta baya an ɗaure ta da moto, sai ta miƙo gaba. Dalilin da ya sa taka ke ƙara kuka bayan minti bakwai ke nan. Taɓawa sau ɗaya a zagaye, a wuri ɗaya, yana nuna abu biyu sun haɗu: gangar ta ɗan karkace a kan sandarta, kuma ratar ta fi matsewa ta ƙasa. Jijjigar hanya daga tashar jiragen ruwa ta Tema zuwa nan ta isa ta jawo haka.

Injin a sanyi, fulogi a zare. Duba inda sandar ganga ta haɗu da ta moto, za ka ga wani ɗan zobe ko mahaɗi mai ƙananan kusoshi marasa kai, masu rami mai kusurwa shida. Yawanci makullin milimita 2, 2.5 ko 3 ke shiga. Ka tabbata ya shiga daram, domin in ramin ya lalace an shiga wani aikin. Sassauta, kada ka zare gaba ɗaya. Tura gangar baya har ta zauna sosai a mazauninta. Sai ka auna ratar a wuri huɗu, sama, ƙasa, dama, hagu, kana juya gangar da hannu. Idan littafin ya ba da adadi, bi nasa. In bai bayar ba, fara da kamar milimita 1. Ma'aunin bakin fulogin mota ya fi, amma tsohon katin banki ma ya yi, kaurinsa milimita 0.76 ne: ya shige ko'ina a sake ba tare da ya maƙale ba. Wajen ɗaurewa, sandar tana da gefe guda da aka shafe, kusar ta sauka a kansa. In ta sauka a kan zagayen, za ta zame bayan suya biyu ko uku ka ji "ƙwas" duk lokacin da waken gahawa ya faɗo.

Idan ƙasa ta ci gaba da matsewa fiye da sama, sassauta kusoshin da ke riƙe boris na gaba, ka bar sandar ta nemi tsakiya, ka ɗaure su a gicciye kaɗan-kaɗan, kamar yadda ake ɗaure taya.

Kada kuma ka buɗe ratar da yawa don neman shiru. Gahawar da ake nomawa a ƙasar nan yawanci robusta ce, 'ya'yanta ƙanana, ga gutsattsari. In rata ta kai milimita 2 zuwa 3 sai su riƙa shiga suna maƙalewa, nan ne moto zai sha wahalar gaske. Gwajin ƙarshe da zafi ake yi: kai shi digiri 200 babu komai a ciki, ka bar shi minti goma kana saurare. In ya taɓa, bari ya huce ka ƙara kaɗan. Idan bayan duk wannan kana ganin bakin gangar yana lilo da ido, sandar ce ta lanƙwashe, wannan sai canji, kada a buga mata guduma.

Hajiya mai gahawa, Asawase:

Ɗana, in ka gama da ƙarfe ka goge cikin gangar da farantin da tsumma mai ɗan danshi, saboda garin ƙarfen da gogar ta bari. Suya ta farko da ta biyu a yi ta da wake mai araha a zubar, tana kwashe man masana'anta. Kuma a tsince wake a faifai kafin a zuba, tsakuwa ɗaya tana iya tsayar da ganga.

Na san wani zai ce a ɗiga mai. Ban da baƙin man inji, ban da man fesawa na gwangwani, ban da man kaɗe ko manja, duk suna ƙonewa su zama danƙo, warinsu kuma ya shiga gahawa. Idan boris na gaba buɗaɗɗe ne, giris mai jure zafi na injinan abinci ake sa masa, wanda aka rubuta H1 a jikinsa, gwargwadon ƙwayar shinkafa. Rufaffen boris ba a sa masa komai.

Sannan ka koyi bambanta kukan inji da na wake. Wajen digiri 196 zuwa 205 za ka ji fashewar farko, "tas, tas" kamar gugguru, ba ta bin zagayen ganga. Idan dumsor, wato ɗaukewar wuta, ya same ka a daidai nan, kashe makunnin zafi, buɗe ƙofa ka juye waken a tiren ƙarfe nan take, domin waken da ya kwanta a kan ganga mai zafi da ɓawon da ya taru su ne ke kama wuta. Ka zubar da ɓawon tire bayan kowace suya.