An danna fayil ɗin wani saƙon imel, me za mu yi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Wani saƙo ya shigo kwamfutarmu ta gida, wai daga banki, ɗauke da fayil mai suna rasit.pdf.exe. Ƙanena ya riga ya danna shi. Ina mafita?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam. Malam, katse intanet tukuna, yanzun nan. Wannan ba takarda ba ce, manhaja ce, wutsiyar sunan fayil ɗin, wato .exe, ita ce ainihinsa, .pdf ɗin ɓad-da-kama ne kawai. Shiga Windows Security, wato manhajar tsaro da ke cikin Windows, sai Virus & threat protection, sai Scan options, ka zaɓi Microsoft Defender Offline scan. Kwamfutar za ta mutu ta taso, binciken ya ɗauki kusan minti 15. Amfaninsa shi ne yana aiki kafin Windows ta gama tashi, lokacin da ƙwayar cutar ba ta samu damar ɓuya ba.

Amsa ta 2: Ka canza kalmar sirrin imel da ta banki, amma ta wayarka, kada ka yi a kwamfutar. Irin waɗannan manhajoji sukan kwashe abin da ake bugawa a madannai.

Amsa ta 3: Kada ku mayar wa saƙon amsa, hakan na tabbatar musu adireshin yana aiki. Danna Report spam a cikin imel ɗin, don kai rahoton saƙon a matsayin na bogi. In kuma Windows 10 ce a kwamfutar, ku sani Microsoft ta daina tallafa mata tun 14 ga Oktoba 2025.