Na ƙirga 38, na'ura ta ce 61: wanne zan rubuta?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni shawara, kaina ya kulle. Ɗakin gwajinmu ruwan burtsatse da na leda muke dubawa. Mu uku ne, ɗaya ta tafi hutun haihuwa, ga damina ta sa samfur ya yi yawa, wani lokaci sai bayan isha'i muke tashi. Oga ya gaji da ƙorafi ya sayo na'urar ƙirga koloni (ɗigon da ƙwayoyin bakteriya ke yi in sun tsiro a faranti) mai kyamara, 'yar gwanjo, kuma kullum sai ya tuna mana kuɗinta. Jiya na tace mililita 100 na ruwa a matata mai ƙofa maikiromita 0.45, na ɗora kan m-Endo (abincin da ake rainon ƙwayoyin kolifom a kansa), awa 24 a digiri 35. Da ido na samu 38, ita ta ce 61. A farantan HPC (ƙirgen bakteriyar ruwa gaba ɗaya) kuma ƙasa da nawa take bayarwa. Masu tantance mu kan ISO 17025, ƙa'idar ingancin ɗakunan gwaji, suna tafe wata mai kamawa.

Tsohon ma'aikaci: Wa alaikumus salam. Malama, na ido za ki rubuta, babu ja. A kan m-Endo ba kowane jan ɗigo ne kolifom (bakteriyar da ke nuna ruwa ya gurɓata) ba, sai mai ƙyalli irin na ƙarfe, kore-kore kamar bayan ƙwaro. Ƙyallin nan sai an karkata farantin a ƙarƙashin farar fitila, da madubi mai ninka 10 zuwa 15, sannan yake fita. Kyamara daga sama kawai take kallo. Ta haɗa miki jajayen da ba su da ƙyalli, ta ƙara da mahaɗar layukan matatar. Ga bambancin 23 ɗinki nan. Kuma 38 tana cikin 20 zuwa 80 da ake so, to ina amfanin na'ura a abin da minti ɗaya ya isa?

Mai saiti: Malam, a yi wa na'ura adalci. Na'urori irin su Scan da ProtoCOL suna da saitin matata daban da na faranti. A zaɓi hasken sama, a kunna cire layuka, a sa mafi ƙanƙantar girman da za ta ɗauka, a nuna mata launi. A goge raɓar murfi ko a cire shi, rubutun alƙalamin maka kuma a gefe, ba a tsakiyar gindi ba. Mafi sauƙi ku koma abincin CCA na ƙa'idar ISO 9308-1: E. coli shuɗi mai duhu, sauran kolifom ruwan hoda zuwa ja. Launi kyamara na ganewa, ƙyalli ne ke ba ta wahala.

Mai tambaya: Ba za mu iya canja abincin ba, m-Endo ɗin da ke sito zai kai mu baɗi. Saitin kuma wanda ya sayar ne ya yi, ya ce kada a taɓa.

Tsohon ma'aikaci: Da farantin wa ya yi saitin? HPC ɗin ma sananne ne. Koloni biyu suka manne ta ce ɗaya ne, na bakin faranti ta yanke su, ƙananan da ke nutse cikin aga (daskararren abincin da ke faranti) ba ta gani, mai yaɗo kuwa ya rufe rabin faranti ta rikice. Sama da 300 a sirka samfurin, ƙasa da 30 ido ya fi. Masu tantancewa takarda za su nema: faranti kamar 30, masu kaɗan da matsakaita da masu yawa, mutum biyu su ƙirga ba tare da ganin na juna ba, sannan na'ura. Mutum da kansa kada ya wuce bambancin kashi 5 cikin ɗari, tsakanin biyu kashi 10. In na'ura ba ta shiga wannan layin ba, a rufe ta da ƙyalle.

Na inkubeta: Ana ta zancen ƙirga, wa ya tambayi zafi? m-FC, abincin gano kolifom na kashi, digiri 44.5 yake so, sassaucin 0.2 kacal. A ɗauke wuta ƙarfe biyun dare, janareto sai da safe, me ake ƙirgawa? Kuɗin na'urar da batir da inbata aka saya.

Mai Colilert: Ku huta da duka. A haɗa ruwan da garin Colilert, a zuba a tire mai ramuka na Quanti-Tray, a liƙe, awa 24 a ƙirga ramuka masu ruwan ɗorawa, a haska fitilar UV don E. coli. Tsada ce kawai.

Mai tambaya: Wutarmu lafiya lau, muna da sola. Malam, mu biyu ne fa, yaushe za mu ƙirga faranti 30 sau uku? Ai don haka aka sayo ta. Na manta ban faɗa ba, ruwan jiyan ja-ja ne, ya bar tsatsa-tsatsa a kan matatar.

Tsohon ma'aikaci: Wannan ai shi ya kamata ki fara faɗa! Ɓarɓashin ƙarfe ma ɗigo ne a wurin kyamara. Ki tace mililita 10 da 50 daban-daban, ki ɗauki masu ƙyallin ki tabbatar a ruwan rainon ƙwayoyi na lauryl tryptose da BGLB.

Mai saiti: Ko a ɗaga iyakar girma, ɓarɓashin zai fita da kansa.

Tsohon ma'aikaci: Tare da ƙananan kolonin.

Mai tambaya: Na gode. Amma Oga ya ce sakamakon na'ura ne ke fita da hoto, shi abokan hulɗa suke so. Mai burtsatsen kuma Litinin zai zo karɓa.