Na'urar da ake dasawa a ƙirji saboda farfaɗiya, akwai wanda ya san ta?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Ɗana shekararsa 14, tun yana ɗan 6 yake fama da farfaɗiya, magani uku aka canza mana amma har yanzu sati ba ya wucewa bai faɗi ba, wani lokacin ma sau biyu a dare ɗaya, ni kam na manta rabon da na yi barci mai nauyi, motsi kaɗan ya yi na miƙe. Jiya likitansa ya ce mu yi tunanin VNS, wai wata 'yar na'ura ce da za a saka masa a ƙirji a haɗa waya da jijiyar wuya. Wallahi tunda na ji an ce wuya gabana ke faɗuwa. Tana warkarwa ne? Zai daina shan magani?

Yayan Wani:
Wa'alaikumussalam Maman Biyu, Allah ya ba shi lafiya. Ƙanena yana da ita shekara huɗu kenan. Gaskiyar da zan faɗa miki tun farko, ba ta warkarwa, ragewa take yi, kuma har yau yana shan maganinsa. Aikin bai kai awa biyu ba, yanka biyu ne ƙanana, ɗaya a ƙirji ta hagu inda batirin ke zama ƙarƙashin fata, ɗaya a wuya inda ake naɗa wayar a jikin jijiyar vagus, ba a taɓa ƙwaƙwalwa ko kaɗan. Sai da aka yi sati biyu aka kunna ta, suka riƙa ƙara mata ƙarfi kaɗan-kaɗan duk zuwa asibiti. Tasa tana aiki sakan 30 ta huta minti 5, dare da rana. Watanni shidan farko har mun fara cewa wahalar banza muka sha, sai daga baya muka lura faɗuwar ta ragu, kuma in ya faɗi yana saurin dawowa hayyacinsa, da can wuni yake a kwance. Abin da ya fi damunsa muryarsa ce, yana cikin magana sai ka ji ta dishe na ɗan lokaci ga ɗan tari, a makaranta ya sha kunya a kan haka kafin ya saba. Akwai kuma maganaɗisu da suka ba mu yana ɗaurawa a hannu kamar agogo, in ya ji alamar ciwon zai taso sai ya goga a kan na'urar, ko mu mu goga masa. Wani lokacin yana katsewa, wani lokacin ko gezau.

Nas ɗin Dare:
Anti sannu da ƙoƙari. Kar ki ɗauka gwaji za a yi da yaronki, tun 1997 aka amince da ita a Amurka, a 2017 ma aka buɗe wa yara daga shekara 4. Kusan rabin masu ita ne faɗuwarsu ke raguwa da rabi ko fiye, masu rabuwa da ciwon kwata-kwata kaɗan ne. Amma ni kafin ki sa hannu ki tambayi likitan, an kwantar da shi an yi EEG mai bidiyo (gwajin aikin ƙwaƙwalwa ana ɗaukar yaron a kyamara) da MRI (hoton ƙwaƙwalwa)? Domin idan ciwon daga wuri ɗaya yake tasowa a ƙwaƙwalwa kuma wurin zai ciru, wannan tiyatar ta fi ba da damar rabuwa da faɗuwar gaba ɗaya, VNS an fi ba wa wanda tiyatar ba za ta yiwu a kansa ba. Ki kuma faɗa masa idan yaron yana minshari ko numfashinsa na sarƙewa a barci don tana iya ƙara shi. Batirin ma yana ƙarewa bayan wasu shekaru sai an sake ɗan aiki an canza, kuma duk ranar da za a yi masa MRI dole a sanar da su yana ɗauke da ita.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. MRI an yi, amma EEG ɗin na minti talatin ne kawai, ba a taɓa kwantar da shi ba. Kuma yana minshari sosai, ban taɓa kawo wa raina yana da alaƙa ba. Ranar Litinin za mu koma, na rubuta duka a takarda. Yayan Wani dan Allah in ciwon ya kama shi cikin barci fa, kuna goga maganaɗisun a lokacin ko jira kuke?