"In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza": har da kiɗan masu bulala?

Ɗan Tasawa: Jama'a, a warware mini. Muna hirar Gao ta ƙasar Mali wani dattijo ya kawo karin maganar nan. A 2012 'yan MUJAO, wata ƙungiyar masu iƙirarin jihadi, sun ƙwace garin, suka hana kiɗa a gidajen rediyo, suka riƙa bulala da yanke hannu a bainar jama'a. Ya ce da mutanen Gao sun bi karin maganar, da sun zauna lafiya. Haka ake nufi?

Uwar Biyu: A'a ɗana. Ana faɗa wa amarya ce in ta shiga sabon gida, ko attajirin da kasuwa ta juya wa baya, don ya rage hannu. Waɗannan kuwa makaɗin suka kora ɗungurungum. Da wane kiɗa za a canza rawar?

Malamin Islamiyya: Inna, ni ba na zuwa wurin rawa, kuma saɓanin malamai kan kiɗa ba yau ya fara ba. Amma wa'azi daban, bakin bindiga daban. Garin da kabarin Askiya Muhammadu, sarkin daular Songhai, ke tsaye tun 1495 ba sabon shiga ba ne a Musulunci, balle a zo a koya masa da dorina.

Direban Yamai: Allah ya ƙara sani, Malam. Da ma kun ga takamba, rawar gargajiyar mutanen Gao da suka hana! Na gan ta a wani biki a Ayoru ta ƙasar Nijar. Namiji da babbar riga da rawani, mace a lulluɓe, wani lokaci ma a zaune kan tabarma. Hannu da kafaɗa kawai ke tafiya a hankali, mai molo na kaɗawa, wani na dukan ƙwarya da zobba a yatsunsa. Kunya ce zalla. A Janairun 2013 da sojojin Faransa da na Mali suka shiga Gao, na Nijar da Chadi suka biyo baya, mutane titi suka fito suna rawa, ba wanda ya kira su.

Ɗan Tasawa: Ke nan dattijon bai yi daidai ba?

Uwar Biyu: Kar ka ƙaryata babba, yana da tasa gaskiyar. Makaɗan da suka ɓoye kayan kiɗansu, da waɗanda suka gudu Bamako da Yamai, ai sun canza rawa don su tsira da rai, kuma ban ga laifinsu ba. In ka koma wurinsa, ka tambaye shi cikin ladabi ko su yake nufi.