Maye, fatalwa ko bamfaya: wace kalma ta dace da wannan halitta?

Assalamu alaikum. Kwana uku ke nan da na jefa tambaya a kan kalmar nan ta Turanci, "vampire", wato mataccen da ake cewa yana tashi ya sha jinin mutane, ina neman kalmar Hausa da ta dace da ita, saboda aikin fassara da ya faɗo hannuna na wani shiri mai dogon zango da aka ɗauko daga jerin littattafai, kuma amsoshin da suka zo sun yi yawan da ba zan iya bin su ɗaya bayan ɗaya ba. Don haka na ga ya dace in tattara su wuri guda, in faɗi inda hankalina ya kwanta tare da dalilina, wanda yake da ja kuma ya kawo hujjarsa.

Da fim ne na awa biyu, da mai fassara ya iya zillewa da "dodon nan" ko "wannan abin" har a tashi, babu wanda zai lura. Shiri mai dogon zango ba ya barin wannan ƙofa. The Vampire Diaries, wanda aka gina a kan littattafan da L. J. Smith ta fara fitarwa a 1991, ya gudana a tashar CW daga 2009 zuwa 2017, zango 8, kashi 171. True Blood kuwa, wanda Alan Ball ya ɗauko daga littattafai 13 na Charlaine Harris, ya yi zango 7 da kashi 80 a HBO tsakanin 2008 da 2014. A irin waɗannan shirye-shirye kusan babu kashin da za a gama ba a ambaci kalmar ba, kuma tana fitowa daga bakin mai farautarsu, da bakin yarinyar da ta kamu da son ɗayansu, da bakinsu su kansu idan suna faɗin abin da suke. Kalmar da za mu zaɓa dole ta zauna daidai a bakunan nan uku.

Mafi yawan waɗanda suka amsa sun ce a yi amfani da "maye", kuma na fahimci abin da ya ja su, domin shi ne mutumin da Bahaushe ya sani yana rayuwa da ran wani. Sai dai idan aka natsu za a ga tazarar tana da faɗi. Maye a fahimtarmu rayayyen mutum ne, maƙwabci ko ɗan uwa, wanda ake cewa ya sha maita a nono ko ya haɗiyi ƙanƙararta, yana kama kurwa ba tare da ya taɓa jiki ba, kuma idan aka ritsa shi sai a sa shi ya tsallaka mara lafiya don ya saki abin da ya kama. Shi "vampire" kuwa mutuwa ya fara yi kafin ya zama abin da ya zama, da haƙori yake aiki, jini yake sha wanda ake gani da ido, ba ya tsufa, kuma yana iya mayar da wani irinsa. Amma abin da ya fi nauyi a wurina shi ne yadda kalmar take sauka a kunne. Duk wanda ya tashi yana jin "kurwata kur, ka ci kanka ka sha baƙin ruwa" ba zai iya zama ya kalli jarumin shiri yana riƙe da hannun budurwa yana cewa "ni maye ne" ya ji tausayinsa ba, alhali tausayin nan shi ne jarin shirin gaba ɗaya. Ban da haka, zargin maita abu ne da har yau yake raba mutane da gidajensu, wani lokaci ma da rayukansu, kuma ba na son aikinmu na nishaɗi ya ƙara wa kalmar wani sabon hoto na haƙora da jini.

Fatalwa ba ta ɗauke ni lokaci ba, domin ba ta da jikin da zai ci ko ya sha, su kuwa waɗannan suna da gidaje da tufafi da dukiya, har da mashaya a True Blood. Aljani halitta ce dabam wadda ba ta taɓa zama mutum ba. Dodo na tatsuniya ne, kuma za mu buƙace shi ga wasu halittun da ke yawo a cikin shirye-shiryen.

Shawarar da ta fi sa ni tunani ta zo ne daga wani malamin Hausa a Zariya, wanda ya ce: "Me zai hana mu bi sawun Larabawa, waɗanda suka siffanta shi da mai tsotsar jini, mu ce matsotsin jini ko mai shan jini?" Malam, Allah ya ƙara sani, na juya wannan shawara kwana biyu, kuma ga inda ta ba ni matsala. Na farko, "'yan shan jini" suna da masu shi a Hausar yau, wato 'yan ƙungiyar asiri da ake cewa suna ba da jinin mutane don neman duniya, kuma mai kallo a Kano ko Kaduna can hankalinsa zai fara tafiya. "Mashayin jini" kuma yana jan hankali zuwa ga ɗan ƙwaya. Wani ya kawo "tsotsau", a kan ma'aunin mantau da makarau, wanda a nahawu ba shi da aibi ko kaɗan, sai dai duk wanda na karanta wa sai da ya yi dariya, kuma sunan da ke sa dariya ba zai ɗauki halittar da ake so a ji tsoronta ba.

Na biyu, kuma shi ne babban dalilin, duk sunan da aka gina a kan siffa guda yana rushewa idan aka tashi daga wannan shiri zuwa wancan, saboda marubutan da masu mayar da littattafan shirin talabijin kowa da dokokin da yake kafa wa halittarsa. A littafin Dracula na Bram Stoker, na 1897, rana ba ta kashe shi, ƙarfinsa kawai take ragewa. Fim ɗin Nosferatu na Jamus, na 1922, shi ne ya shahara da kawo mutuwa da hasken safiya. A littattafan marubuciya Anne Rice rana da wuta suna hallaka su, amma tafarnuwa da gicciye ba sa yi musu komai. A The Vampire Diaries suna sa zobe su yi yawonsu da tsakar rana, don haka wanda ya ba da shawarar "ɗan dare" ya ga inda za ta tsaya. A True Blood azurfa ce ke ƙona su, kuma tushen labarin shi ne masana a Japan sun haɗa jinin kwalba, abin da ya ba su damar bayyana kansu ga duniya suna neman 'yancin zama kamar kowa. Wanda yake sayen abincinsa a kwalba yana ɗumama shi, yaya za a yi ta kiransa matsotsi har kashi 80?

Canjin ma bai tsaya ga dokoki ba. Lokacin da tashar AMC ta fara nuna Interview with the Vampire a 2022, daga littafin Anne Rice na 1976, ta ɗauke jarumin labarin, Louis, daga matsayin Bature mai gandun bayi a Luwiziyana ta 1791, ta mayar da shi baƙar fata ɗan kasuwa a New Orleans ta 1910, ta kuma ɗaga shekarun Claudia, yarinyar da aka mayar wannan halitta, daga 5 zuwa 14. A The Vampire Diaries 'yan uwa biyu da suke jaruman labarin 'yan Italiya ne na ƙarnonin baya a littafi, amma a talabijin sai suka zama 'yan Bajiniya da aka mayar da su wannan halitta a 1864, lokacin yaƙin basasar Amurka. Ƙasa ta canja, zamani ya canja, launin fata ya canja, abu ɗaya da ba a taɓa ba shi ne sunan halittar. Suna ne na jinsi, kamar yadda muke cewa aljani ba tare da mun tsaya siffanta shi ba, kuma irin wannan suna muke nema.

Wannan ne ya kai ni ga aro, kuma ban ga abin kunya a ciki ba, tun da Turawan Ingila ma aro suka yi. Kalmar ta fito ne daga yankin Sabiya, lokacin da arewacinta yake hannun Ostiriya. A 1725 wani jami'in gwamnati ya rubuta rahoto a kan mutanen ƙauyen Kisiljevo da suka tono gawar Petar Blagojević suka soke ta da itace saboda zargin yana tashi yana kashe mutane, sannan a 1732 rahoton likitocin soja a kan irin wannan lamari a Medveđa ya bazu a Turai, kuma a shekarar ce kalmar ta shiga jaridun Ingila. Jamusanci da Faransanci da Ingilishi duk suna da nasu fatalwowi da mayu, amma babu wanda ya ɗora tsohon suna a kan baƙon abu.

Idan za a ara, to a ara bisa ƙa'idar bakinmu. Harafin farko, wato "v", yana komawa "b" kamar yadda ya koma a bidiyo da biza da direba da talabijin. Tsakiyar kalmar tana bin kamfani da famfo da kwamfuta. Ƙarshenta kuma yana bin waya da taya, waɗanda a Turanci amo ɗaya suke ƙarewa da shi da wannan kalma. Abin da ya fito shi ne "bamfaya". Wata 'yar'uwa ta yi ƙorafin cewa kalmar ta ƙare da "a", don haka za a ɗauke ta mace. Hajiya, likita da lauya da tela ma haka suka ƙare, kuma muna cewa likita ne, likita ce, ba tare da an rikice ba. Saboda haka bamfaya ne, bamfaya ce, jam'i bamfayoyi kamar lauyoyi, halin kuma bamfayanci kamar likitanci. Ga mai sa murya akwai ƙarin riba, domin gaɓa uku ce da ke shiga motsin bakin ɗan wasa, yayin da "mataccen da ke shan jini" gaɓa takwas ce, kafin a gama faɗinta hoton ya wuce. Wannan doguwar siffa ina ganin a ajiye ta don bayani a karon farko da kalmar ta fito, ko a cikin ƙamus.

Wani ɗan uwa daga Maraɗi ya tunatar da ni cewa su ta Faransanci kalmar take zuwar musu, don haka "bamfir" suke ji, wanda ya ma fi kusa da yadda Sabiyawa suke faɗi. Gaskiya ne, kuma ba sabon abu ba ne kalma ɗaya ta shigo Hausa ta ƙofa biyu. Na tsaya a kan bamfaya ne kawai saboda ta ƙare da wasali, ta fi sauƙin karɓar jam'i da ɗafi, amma wanda ya rubuta bamfir don masu kallo a Nijar bai yi kuskure ba.

Saura kalma guda da ke tafiya tare da ita, wato sunan wanda ya mayar da mutum bamfaya. Fassarar kai tsaye za ta kai mu ga "mahalicci", kuma wannan ba za ta fito daga alƙalamina ba, kowa ya san Mai wannan suna. A True Blood wanda ya juya ka yana da ikon ba ka umarnin da ba ka iya ƙi, yana kiranka daga nesa, kuma sai ya ga dama yake sakinka, don haka "ubangida" da "uwargijiya" sun zauna sosai, sakin kuma a ce 'yantawa. A labarin Claudia kuwa, inda zaman ya fi kama da na iyali, na fi karkata ga "uban jini". A rubutun da zan miƙa ranar Litinin na sa jarumar tana cewa: "Shi ne ubangidana, shi ya mayar da ni bamfaya, kuma har yau bai 'yanta ni ba." Malam na Zariya, ina roƙon ka karanta wannan jimla da ƙarfi sau biyu ka gaya mini ko akwai inda harshe ya yi tuntuɓe.