Katangun Belfast: sulhu ne ko zaman doya da manja?

Auwal: Jama'a, na dawo daga Belfast, babban birnin Ireland ta Arewa, kuma ra'ayina shi ne a Ireland ta Arewa bindiga kawai aka ajiye, ba a shirya ba. Na bi ta Cupar Way, inda katanga ta raba Falls Road ta 'yan Katolika da Shankill ta 'yan Furotesta. Kankare a ƙasa, ƙarfe a bisa, sannan doguwar raga don kada a jefo dutse. A titin Bombay, gidajen da ke jikin katangar an lulluɓe bayansu da kejin ƙarfe. Dare na yi a rufe ƙofofi.

Hajiya Binta: Ƙanena, ka yi hanzarin yanke hukunci. Mutum kusan 3,500 aka kashe a rikicin ɓangarorin biyu kafin yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998. Yau Michelle O'Neill ta Sinn Féin, babbar jam'iyyar ɓangaren 'yan Katolika, ce Ministar Farko tun Fabrairun 2024, mataimakiyarta kuma 'yar DUP ce, babbar jam'iyyar ɓangaren 'yan Furotesta. Waɗanda da ko gaisawa ba sa yi suna mulki tare. Uwar da ɗanta ke fita ya dawo lafiya ba za ta raina wannan ba.

Auwal: Yaya, ban raina ba. Amma a 2013 gwamnatinsu ta yi alkawarin rushe katangun nan kafin 2023, kuma ga su a tsaye. Abin da ya fi ci mini rai makarantu ne: yaran da ke zuwa makarantar haɗaka, inda 'yan Katolika da 'yan Furotesta ke karatu tare, ba su kai ɗaya cikin goma ba. Har duwatsun bakin titi an shafa musu fenti, nan ja da fari da shuɗi na tutar Birtaniya, can kore da fari da ruwan lemo na tutar Ireland.

Malam Isa: Ni gyarana ɗaya ne. Ba a kan aƙidar coci suka yi faɗa ba. Tambayar ita ce a zauna ƙarƙashin Birtaniya ko a haɗe da Jamhuriyar Ireland. Addini alama ce ta gidan da ka fito.

Rahila: Malam, ai nan ne ciwon yake, tunda alamar gado ake yi. Mu 'yan Kaduna mun sani. Bayan rikicin 2000 mutane suka yi ta sayar da gidaje, kowa ya koma inda nasa suka fi yawa, kogi ya zama iyaka. Babu wanda ya gina mana katanga, amma rabuwar ta zauna.

Hajiya Binta: To Rahila, in an rushe katangar Belfast gobe, wa zai kwana a gidan da ke bakin iyaka? Mazauna wurin da yawa su ne ba sa son a taɓa ta.

Auwal: Shi ya sa na ce ba a shirya ba. A Afrilun 2021 an ƙona bas a Shankill, aka yi jefe-jefe a ƙofar katanga da ke titin Lanark Way, kuma da yawan masu jifan an haife su ne bayan 1998.