Sikeli ya tsaya cak wajen wata biyu, dan Allah a bani shawara

Maman Biyu:
Salamu alaikum ƴan uwa, dan Allah shawara nake nema don abin ya fara isata wallahi. Tun bayan ƙaramar sallah na fara rage ƙiba saboda gwiwa da ke damuna, ga likita yace jinina ya fara hawa. Da kilo 96 na fara, na bar tuwon dare, na rage shinkafa, kullum bayan asuba ina zaga unguwarmu nan Fadamar Mada da ƙafa, ranar asabar kuma mu tafi filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa ni da maƙwabciyata. Da farko abin kamar wasa har na sauko 88, to daga nan fa shikenan, yau 88 gobe 89 jibi ya dawo 88, kuma ban ƙara komai a cin abincina ba ban fasa tafiyar ba. Wata a gidan biki tace in sayi shayin rage ƙibar nan da ake talla a WhatsApp, wata kuma tace in koma ci sau ɗaya a rana. Wanne zan kama?

Ɗan Wunti:
Hajiya tambaya ɗaya zan miki ki faɗi tsakaninki da Allah, masa fa? Don mu mutanen Bauchi mutum zai rantse ya bar abinci amma masa da miyar taushe baya lissafa ta, ita wai karin kumallo ce kawai. Kuma kin dai san yadda ake zuba mai a tanda.

Anti Nas:
Wa alaikumus salam ƴar uwa. Ki kwantar da hankalinki, kusan duk wanda ya rage ƙiba sai ya iso wannan wajen, ba wani abu ne ya lalace a jikinki ba. Kilo 8 kika sauke, nauyin ruwa lita 8 kenan da a da kike yawo dashi duk inda kika sa ƙafa, yanzu babu shi, to tafiyar da kike yi bata ƙona abin da take ƙonawa a da, ko a zaune ma ƙaramin jiki baya buƙatar abinci kamar babba. Abincin da ya ramar dake kina 96 shine yanzu ya zama daidai cikinki kina 88. Ga shi idan mutum ya daɗe yana rage ci jiki kan fara tsimi, sai kiga kin fi son zama, aikin da kike tashi ki yi da kanki kin fara aiken yara, baki ma lura ba.

Maganar Ɗan Wunti da wasa ya yi ta amma akwai gaskiya a ciki. Mai shine inda aka fi cutuwa, babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja wajen kalori 120 ne (kalori shine ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), mu kuma ba da cokali muke zubawa ba, kwalba muke karkatawa. Lemon kwalba mai santilita 50 ya haura kalori 200. Soyayyar gyaɗa giram 100, wadda zaki cinye kina hira, ta fi kalori 550. Sai kunun aya da zoɓo da fura in an zabga musu suga, shayi da madara, ragowar abincin yara da muke cewa kar a yi almubazzaranci. Ki samu littafi ki rubuta duk abin da ya shiga bakinki na sati guda har ɗanɗanon miya, ke da kanki zaki ga inda yake shiga.

Shi kuma shayin nan ki rabu dashi. Da yawansu gudawa da fitsari suke sawa, ruwa ne ke fita ba kitse ba, kina sha ruwa ya dawo, kuma mai hawan jini bai kamata ta sha abin da bata san me aka haɗa a ciki ba. Ci sau ɗaya ma ban baki shawara ba, yawanci da daddare ake ramawa. Gara ki cika kwanonki da ganye, kwaɗon zogale ko rama ko kabeji, ki ƙara wake, ƙwai dafaffe, kifi, awara in ba a tsamo ta daga mai ba, tuwon ya zama shine kaɗan a gefe.

Malam Koci Gombe:
Hajiya ni ta ɓangaren motsa jikin zan shigo. Tafiya iri ɗaya hanya ɗaya sauri ɗaya, jiki ya riga ya saba. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa tayi baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki a sati, sannan kwana 2 aƙalla na aikin ƙarfafa tsoka, wannan na biyun ne mutanenmu basa yi musamman mata, wai kar su yi ƙwanji irin na maza, alhali ba haka abin yake ba. In ana rage ci ba a aikin ƙarfi har tsoka ake asara ba kitse kaɗai ba. Ba sai kinje jim, wato gidan motsa jiki, ba, ki zauna kan kujera ki tashi ba tare da dafa komai ba sau 10 ki huta ki sake, ki tura bango da hannu, ki cika galan da ruwa ki riƙa ɗagawa. A tafiyar kuma ki riƙa sa sauri na minti ɗaya har numfashi ya ɗan hau sai ki sassauta. Tunda akwai gwiwa banda tsalle tukuna. Muna da irinku da yawa a filin Pantami da safe.

Sannan ki daina hawa sikeli kullum, gishiri da dunƙulen miya ko lokacin al'ada kaɗai kan sa kilo ɗaya ko biyu na ruwa. Sau ɗaya a sati da safe kafin ki karya ya isa. Ki ari tef ɗin tela ki auna cikinki daidai cibiya, ana so kar ya wuce rabin tsawonki.

Maman Biyu:
Ɗan Wunti Allah ya shirye ka, guda huɗu ce fa kacal kuma ba kullum ba. Anti na gode sosai Allah ya saka. Amma akwai abu ɗaya, ina allurar tazarar haihuwa ta wata uku, ko tana da hannu? Barci ma bana samu sosai saboda ƴan biyun.

Anti Nas:
Tana iya yi, wasu matan na ƙara nauyi da ita, amma kar ki tsayar da kanki, ki koma inda ake miki ki faɗa musu, akwai wasu hanyoyin da za su duba miki. In kinje ki ce a auna miki suga da jini, in kuma kina yawan kasala da jin sanyi da zubewar gashi a duba maƙoƙo. Rashin barcin ma yana ƙara yunwa da kwaɗayin zaƙi, awa 7 ake so, in dare ya gagara ki miƙa wa babansu su bayan azahar ki ɗan runtsa.